Neman shawara: jami'a na so cibiyarmu ta koma ƙarƙashinta, mu amsa ko mu tsaya a waje?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Ina shugabantar wata ƙaramar cibiyar nazari kan haƙƙin ɗan Adam. Muna tattara bayanai kan mutanen da ake tsarewa ba a kai su kotu ba, mu rubuta rahoto mu miƙa wa masu yin doka. Yanzu aikin ya yi wa ma'aikatanmu yawa. Wata jami'a ta aiko mana da daftarin yarjejeniya: za ta ba mu ofis a tsangayar shari'a, ɗaliban digiri na biyu su riƙa taya mu aiki, mu samu shiga ɗakin karatunta, sunanta kuma ya hau rahotanninmu. Ita kuma tana so kuɗin tallafi ya riƙa bi ta asusunta, sannan duk abin da zai fita da tambarinta sai an tuntuɓi hukumar jami'a tukuna. Kwamitin amintattunmu ya rabu biyu. Don Allah waɗanda suka san irin wannan haɗin gwiwa, me zan duba kafin in sa hannu?

Wani lauya: Wa alaikumus salam, Malam. Wancan sharaɗin na ƙarshe shi ne yarjejeniyar gaba ɗaya, sauran duk ado ne. Daftarin bai faɗi abin da zai faru idan aka tuntuɓe su suka ce a'a ba, kuma ranar da za ku fi buƙatar amsar nan ita ce ranar da rahotonku ya taɓa wanda jami'ar ke jin tsoro ko take cin moriyarsa.

Kada ka ɗauka sai ƙananan jami'o'i ke tsorata. Cibiyar Carr ta nazarin haƙƙin ɗan Adam, da ke Makarantar Kennedy ta jami'ar Harvard a Amurka, ta gayyaci Kenneth Roth, wanda ya shugabanci ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch daga 1993 zuwa 2022, amma shugaban makarantar ya hana a ba shi gurbin bincike a cibiyar. Rahotanni sun danganta hakan da sukar da yake yi wa Isra'ila. Sai da surutu ya yi yawa a Janairun 2023 aka janye matakin. A Ingila ma, jami'ar Sheffield Hallam ta dakatar da binciken Farfesa Laura Murphy kan aikin tilas da ake sa 'yan ƙabilar Uyghur a China, a 2025, bayan matsin lamba daga can. Daga baya ta nemi gafara ta ɗage dakatarwar, amma sai da farfesar ta ɗauki lauyoyi.

Shawarata a rubuta ƙarara: za ku nuna musu rahoto kwanaki kaza kafin ya fita, suna da ikon cire tambarinsu idan ba su gamsu ba, ba su da ikon hana fitarsa ko taɓa abin da ke ciki. A kuma rubuta wanda zai tsaya a kotu idan wani ya yi ƙarar ɓata suna.

Wata malamar jami'a: Barista ya faɗi gaskiya, sai dai kada ya tsorata ku ku gudu. Ni a ciki nake, na kuma ga abin da jami'a ke yi wa aiki irin naku. Ku dubi Cibiyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Jami'ar Pretoria. An kafa ta a 1986, lokacin da mulkin wariyar launin fata ke nan daram a Afirka ta Kudu, a cikin tsangayar shari'a, yau kuma ɗalibanta sun bazu a kotuna da hukumomi a faɗin Afirka. Cibiya mai zaman kanta takan mutu idan wanda ya kafa ta ya gaji ko mai tallafi ya juya baya. Wadda ke horar da ɗalibai tana haifar masu gadonta.

Amnesty ma ta bi wannan hanyar a 2016, ta riƙa horar da ɗaliban jami'o'i irin su Berkeley da Essex da Pretoria suna tantance bidiyo da hotunan cin zarafi da ke yawo a intanet. Abin da zan gargaɗe ku a kai shi ne lokaci. Kwamitin ɗa'ar bincike sai ya amince kafin ku yi hira da kowa da sunan jami'a, kuma kwamitin nan ba ya sauri don wani. Ku masu son fitar da rahoto kafin majalisa ta zauna ne, mu kuwa mun saba takarda ta shekara a hannun masu bita. Ɗalibai kuma da jarrabawa ta matso ba za ku gan su ba.

Wani tsohon akanta a ƙungiyar agaji: Ni kan kuɗin zan tsaya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jami'a kan cire kason gudanarwa daga duk tallafin da ya bi ta asusunta, masu ba da tallafi da yawa kuma suna da iyakar abin da suke yarda a cire. Ku sa kason a rubuce tun yanzu. Ku tambayi sa hannu nawa ake bi kafin a saki kuɗin tafiyar mai bincike.

Wata mai bincike: Malam, ba wanda ya taɓo maganar shaidunku, ni kuwa ita ta fi damuna. Boston College da ke Amurka ta fara naɗar hirarraki a 2001 da tsofaffin mayaƙan rikicin Arewacin Ireland, aka yi musu alkawarin ba mai jin faifan sai bayan ransu. A 2011 'yan sandan Arewacin Ireland suka nema ta hannun gwamnatin Amurka, aka kawo sammaci, kotu ta sa aka miƙa wasu daga ciki. Masu binciken sun so a ja har ƙarshe, amma faifan a hannun kwalejin suke, ita ke da ta cewa. Ku naku shaidun iyalan waɗanda ke tsare ne. Idan sunayensu suka hau kwamfutocin jami'a, lauyan jami'a ne zai amsa sammaci, ba ku ba, kuma jami'a yake karewa. Ku riƙe ainihin bayanan a wurinku, ɗalibai su yi aiki da kwafin da aka goge sunaye.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, maganar shaidun nan zan kai wa kwamiti da kaina. Barista, idan muka ce ba za mu narke a cikinsu ba, akwai wata hanya ta tsakiya, ko sai dai a fasa?

Lauyan: Akwai. Cibiyar Raoul Wallenberg da ke Lund a Sweden, wadda aka kafa a 1984, tana gudanar da digiri na biyu tare da tsangayar shari'ar jami'ar garin, amma gidauniya ce mai kwamitinta na kanta. Irin wannan za ku nema. Kada ku soke rajistarku, kada ku rufe asusunku. Tallafin da kuka nemo tare ya bi ta wurinsu, wanda kuka nemo da kanku ya tsaya a naku. Ku fara da aiki guda na shekara biyu, da sharaɗin kowa na iya fita bayan sanarwar wata shida ya tafi da sunansa da bayanansa. Kuma ka duba wa zai sa hannu ta ɓangarensu. Idan shugaban tsangaya ne kaɗai, wa'adinsa na ƙarewa magajinsa na iya cewa bai san zancen ba, don haka ka nemi a kai ta majalisar jami'a ta amince a rubuce. Ka turo min sakin layin nan na tuntuɓa ta saƙo in gyara maka lafazinsa kafin zamanku.