Famfon injin wanki ya ƙi rufuwa, yaya za a cire tiyon?

Salamu alaikum, masu sana'ar famfo, ina neman shawararku. Za a ɗauke injin wanki mai ƙofa a gaba daga wurinsa. An zare wuta daga soket, an zuke ruwan ciki ta matacin da ke ƙasa, an kuma fitar da tiyon ruwan datti daga magudana.

Matsalar tana wajen shigar ruwa. Ƙaramin famfon bango ya sandare, ruwan bohol ya tara masa farin gishiri, rabi kawai yake juyawa. Da an sassauta notin tiyon, mai inci 3/4, sai ruwa ya yi feshi. Notin na roba ne, filaya za ta iya fasa shi, abin da nake gudu ke nan.

Tankin sama ke ba gidan duka ruwa, kuma layin injin ba shi da makullin ruwa nasa.

Idan an rufe daga tanki, aka buɗe wani famfo da ke ƙasa bututun ya tsiyaye, murfin tagulla inci 3/4 mai zoben roba da za a ɗaura a bakin famfon bangon zai riƙe ruwa, ko sai an naɗa farin tef? Ko dai a canja famfon gaba ɗaya?