Kasuwancin Matan Saudiyya da Rigimar Kalmar 'Yanci

Hajiya Mai Abaya: Assalamu alaikum. Raina a ɓace yake. Na daɗe ina sarin abaya a Jidda, kuma a da matar da ke ɗinka mini kaya ba ta iya kammala komai sai ta hannun ƙaninta, domin shi ne wakilinta a ofisoshin gwamnati. Tun 2018 da hukuma ta ce mace za ta iya buɗe kasuwanci ba tare da izinin waliyyi ba, ita ke sa hannu a takardunta, ita ke tuƙo motarta ta kawo mini kaya masauki. Na faɗa a gaban dangin mijina cewa matan can sun samu 'yanci, sai aka yi mini ca kamar na yi saɓo. Me ya sa idan mace ta riƙe dukiyarta da hannunta ake ganin ta fita daga tarbiyya?

Ɗalibi a Madina: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki janye kalmar 'yanci, domin ba bayi ba ne da za a ce an 'yanta su. Musulunci ya ba mace ikon mallakar dukiyarta tun farko, kuma Nana Khadija attajira ce wadda Annabi (SAW) ya kai wa kaya fatauci Sham.

Malamar Makaranta: Malam, idan haƙƙin yana hannunsu tun farko, me ya hana su tuƙi sai Yunin 2018, kuma me ya sa sai 2019 mace mai shekara 21 ta samu damar yin fasfo ba tare da waliyyi ba? Abin da aka tsare maka aka sake maka, 'yanci ne sunansa a Hausa.

Ɗalibi a Madina: Sassauci ne, Malama. Kalmar 'yanci ta Turawa ce a wannan fage.

Malamar Makaranta: Kakanninmu sun san ɗa da bawa kafin Bature ya taka ƙasar Hausa.

Alhaji Ɗan Kwari: Ni abin da ke damuna shi ne hajiyoyin da ke fakewa da Umara, su yi ɗawafi a gurguje, su ƙare kwanakinsu a kasuwar zinare.

Hajiya Mai Abaya: Alhaji, ku maza ba ku saro dabino da jallabiya a tafiyar? Alƙur'ani bai hana mahajjaci neman falalar Ubangijinsa ba.

Malamar Makaranta: Kuma tun 2017 aka naɗa Sarah Al-Suhaimi shugabar kasuwar hannun jari ta Saudiyya, ba a ji an ce ta bar addini ba.

Shugaban Zaure: Jama'a, a dakata haka. Abin da na fahimta shi ne kowa ya yarda cewa addini ya riga ya ba mace haƙƙinta, saboda haka Malam ya yi gaskiya, kalmar 'yanci ba ta dace ba, kuma ya kamata Hajiya ta ba dangin mijinta haƙuri.

Hajiya Mai Abaya: Yallaɓai, ni ban yarda ba, Malama ma ba ta yarda ba, kuma har yanzu babu wanda ya amsa tambayata.