An cire wa Inna baƙin tabo a dunduniya, yanzu wai sai an sake yanka

Assalamu alaikum ƴan uwa. Daga Tawa nake neman shawararku. Mahaifiyarmu tana da wani baƙin tabo a dunduniya wanda ya daɗe yana faɗi, har ya fara jini. Likita ya cire shi, aka aika naman Yamai awo. Sakamako ya dawo: kansar fata ce da ake kira melanoma, kaurinta milimita 2,5, kuma gefen naman babu cutar. Amma likitan ya ce sai ya sake yanke santimita 2 kewaye da wurin. Yayanmu ya ce atafau, tunda ciwo ya warke. In gefe ba cuta, me za a sake yankowa?

Ma'aikacin jinya, Yamai: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Ƙanwata, haka aikin wannan cuta yake, sau biyu ake yi. Yankan farko na gane cutar ne, shi ya sa ake barin gefe milimita kaɗan kawai. A ɗakin awo sai su shafa wa gefen tawada, su yanyanka naman siriri su duba da madubin ƙara girman abu ko cutar ta taɓa tawadar. Ba kowane lungu na gefen ake gani ba, kuma melanoma takan watsa ƴan ƙwayoyi nesa kaɗan da uwar tabon, inda ido ba ya kai. Kaurin ne ke yanke hukunci: in bai wuce milimita 1 ba, santimita 1 ake cirewa, tsakanin 1 da 2, santimita 1 zuwa 2, in ya haura 2 kamar na Inna, santimita 2. Likitanku bai ƙara ko ɗigo ba.

Hajiya daga Koni: Santimita 2 a dunduniya? Da me baiwar Allah za ta taka ƙasa?

Ma'aikacin jinya: Gaskiyarki Hajiya, fatar wurin ba ta jawuwa a ɗinke. Galibi fata ake ɗebowa daga wani sashe na jiki a rufe ramin, kuma za ta yi makonni ba ta ɗora nauyi a kai ba. Amma ana komawa tafiya. Ku kuma tambayi likita zancen kaluluwar matsematsi, don cutar ƙafa can take fara zuwa. A taɓa, a yi hoto, in da hali a ciro ta farko a auna.

Wani ɗalibin likitanci: Ku gaya wa yaya rufewar fata ba shaida ba ce. Mu baƙar fata a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce ta fi kama mu, sai a ɗauka kaushi ne ko ƙaya. Ita ce ta kashe Bob Marley a 1981, daga yatsan ƙafa ta fara. Kuma don Allah kada wanzami ya taɓa wurin. Naman da za a ciro karo na biyu shi ma a sa shi a formol, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, a kai awo, ku riƙe takardun duka biyu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na karanta wa yaya, ya ce shi da kansa zai raka ta ranar Litinin ya ji zancen kaluluwar daga bakin likita.