Bawul ɗin tukunyar dumama ruwa yana ɗigo

Mazaunin Birni: Assalamu alaikum. Tun shigowar hunturu bawul ɗin kariya da ke ƙarƙashin tukunyarmu yake ɗigo dare da rana. Shin in toshe shi?

Mai gyaran famfo, Zengo: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka kuskura, domin shi ke sakin ruwa idan matsin ruwa ya kai bar 7 (bar ma'aunin matsi ne), kuma in aka toshe shi tukunyar tana iya fashewa. Ɗan ɗigo lokacin dumamawa daidai ne, tunda ruwa yana kumbura da zafi.

Hajiya, Sabon Gari: Malam, kashe wutar, ka buɗe hannun bawul ɗin domin ruwa ya wanke yashin da ya maƙale a bakinsa. Idan bai daina ba, a auna matsin ruwan famfon kafin a sayi sabon bawul.