Korar ta aka yi ko rage mata matsayi?

Ɗan Ɗakin Gwaji: Wallahi yau raina a ɓace yake. Shekara uku ina neman kuɗin bincike, yau aka sake dawo min da takardata, an ja jan biro a kai wai aikin ba shi da gaba. Sai na tuna Katalin Karikó, masaniyar kimiyya, 'yar mahauci daga Hungary. A 1985 ta tafi Amurka da fam 900 ɗinke a cikin 'yar tsanar ɗiyarta. Jami'ar Pennsylvania ta kore ta don ta nace wa bincike kan mRNA, wato saƙon da ke gaya wa ƙwayoyin jiki irin furotin da za su ƙera, ga shi a 2023 ta karɓi kyautar Nobel. Jami'o'i kashe basira suke yi.

Baban Khalifa: Ƙanena, gyara zancenka. Ba korar ta aka yi ba. A 1995 rage mata matsayi aka yi don ta kasa samo tallafin bincike. Tana nan har 2013 da ta koma kamfanin magunguna na BioNTech.

Maman Ilham: Haba Malam! A sauke mutum daga hanyar zama farfesa, a rage masa albashi, me ya rage? Kora da hali ke nan.

Baban Khalifa: Hajiya, wanda aka kora ba ya shiga ofis. Da sun kore ta, ina za ta haɗu da abokin bincikenta Drew Weissman wajen injin kwafe takardu? A jami'ar suka gano cewa in aka sauya uridine, ɗaya daga cikin tubalan da ke gina mRNA, garkuwar jiki ba ta far masa da kumburi. Takardarsu ta 2005 ke nan.

Maman Ilham: Kai dai lakcara ne, dole ka kare gidanku.

Bakano: Ku kuna ta kora kora. Ba aikinta aka sa a rigakafin korona na Pfizer ba? Kun manta gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi a Kano a 1996, lokacin sanƙarau? Yara 11 suka rasu.

Baban Khalifa: Allah ya jiƙan yaran, abin ya yi mana ciwo. Amma me ya haɗa ta da shi? A 1996 ita ko tallafi ba ta da shi.

Bakano: Da wa kamfaninta ya haɗa kai? Amsa min wannan.

Maman Ilham: Bakano, kada ka karkatar da zance. Da namiji ne da ba a yi masa haka ba.

Ɗan Ɗakin Gwaji: Jama'a, ni fa maganar tallafi na kawo.

Shugabar Zaure: Dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta: an zalunci matar nan, kuma Maman Ilham ta fi kowa gaskiya, kora ce ko da an sa mata wani suna. Malam ya kawo shekaru daidai amma ya kauce wa zaluncin. Bakano, batun Trovan ka buɗe masa nasa zauren gobe.