Don Allah, me za mu kira wannan fitilar da Hausa?

Mai Rediyo, Garwa: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan gabatar da shiri kan wani dattijo mai gyaran fitilu a nan Garwa ta Kamaru, ya tara tsofaffi sun fi ashirin, har daga waje ake zuwa nema a wurinsa. Bayanin da ke hannuna na Faransanci ne, kalmomi biyu kuma sun tsaya mini a wuya. Ta farko sunan fitilar kanta, wadda ake buga wa iska ta riƙa huci. Ta biyu ƴar ragar nan fara da ke ba da hasken, wadda muke ce wa manshon. Ku taimaka kafin Laraba da dare.

Ɗan Kuseri: Wa'alaikumus salam. Petromax mana. Haka kowa ya san ta daga nan har Injamena.

Mai Rediyo, Garwa: Nan gizo ke saƙa. Petromax sunan fitilar kamfani ɗaya ne, na Max Graetz a Balin, tun wajen 1910. Dattijon yana da Tilley ta Ingila, da Coleman ta Amurka, da Optimus ta Suwidin, ga kuma ƴan Sin irin su Anchor da aka ƙera da siffar Petromax sak. Shirin kacokan kan rarrabe su ne. In na kira su duka Petromax, me zan rarrabe?

Hajiya Ta Gaundare: Fitila mai famfo. Muna da acibalbal, muna da fitilar ƙwai, wannan ta uku ce. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa shi kaɗai ke kunna tamu. Ya zuba sifirit a ɗan kaskon nan, ya jira bututun ya yi zafi, sannan ya hau bugu. Ranar da ya yi gaggawa sai wuta ta tashi ja da baƙin hayaƙi, mu watse.

Malam Na Marwa: Famfo ai ba Hausa ba ne, kuma mai sauraro zai ɗauka na ruwa ake nufi. Na daɗe da ƙirƙiro mata suna: hurau. Daga hura, a kan awon makarau da mantau. Gajere, namu, ba aro.

Ɗan Kuseri: Allah gafarta Malam, makarau da mantau ai mutane ne masu halin. Hurau kenan mai yawan hura wuta, ba fitila ba. Kuma kalmar fitila ita ma daga Larabci ta zo.

Malam Na Marwa: Ta shigo ta zauna shekaru aru-aru. Ku kuwa kun cika baki da Faransanci, shi ya sa in mun je Kano ake mana dariya.

Baban Yara, Yagwa: Su da ke cewa lita da bokiti su ne za su yi mana dariya? Aro aro ne, Malam. Nasu daga Ingilishi, namu daga Faransanci, ga Fulatanci a gefe. Ni ban ga ranar da aka naɗa Kano alƙalin bakinmu ba.

Malam Na Marwa: Littattafan da kuke karantawa a ina aka buga su?

Mai Rediyo, Garwa: Jama'a, Laraba fa.

Mai Walda, Garwa: Ku bar rigimar Kano, ga abin da zai iya ƙona gida. Abin da Faransanci ke kira pétrole shi ne kananzir, kada ka kuskura ka fassara shi da fetur. Petromax da Tilley kananzir suke sha. Yawancin Coleman kuwa wani farin mai ne dangin fetur. Wanda ya ji ka a rediyo ya ɗura fetur a Tilley, alhakinsa a wuyanka. Sannan ka sa dattijon ya kifa fitilar. Coleman suna buga wata da shekara a gindin tankin, nan masu tarawa ke fara dubawa. An taɓa kawo mini wata a ce tun zamanin Jamus take a gidansu, ana neman kuɗi kamar na saniya. Na duba ƙwan, an rubuta Jamus ta Yamma. Jamusawa sun rasa Garwa a 1915, Jamus ta Yamma kuwa sai 1949.

Baban Yara, Yagwa: Ƙwai ai ana sauya shi. Wace fitila ce ta shekara hamsin da ƙwanta na fari?

Mai Walda, Garwa: Gaskiyarka, shi ya sa tambarin jikin tankin ne shaida. Amma ita waccan har ƙarfenta bai yi tsufan ba.

Hajiya Ta Gaundare: Manshon ɗin fa? Ba lagwani ba ne dai, don ba ya jan mai. Zane ne da aka jiƙa da sinadari, wani ɗan Ostiriya, Auer von Welsbach, ya fito da shi a 1885. Ana ɗaura shi, a ƙone shi ya zama toka mai siffa, ka taɓa da yatsa ya ruguje. Mu a gida riga muke cewa.

Malam Na Marwa: Rigar da ake ƙonawa kafin ta yi amfani? Ƙyallau ya fi.

Ɗan Kuseri: Malam ya dawo da jakar au ɗinsa.

Mai Rediyo, Garwa: To, zan ce fitila mai famfo, in bi da sunan kamfanin kowace. Ɗayar kuma zan ce rigar fitila sau ɗaya, sannan in ci gaba da manshon, don shi dattijon da kansa zai faɗa. Na gode ƙwarai.

Malam Na Marwa: Ban yarda da famfo ba, amma shirinka ne. Ka dai ambaci cewa wasu masana na cewa hurau.

Mai Rediyo, Garwa: Malam, wasu ko wani?