Idan yaran ba su da yawa, ya za a yi da sakamakonsu?

Jiya mun daɗe muna tattauna wannan batu na makarantun Amurka, inda dokar ilimi ta ƙasar mai suna ESSA ta 2015 ta ce a riƙa ware sakamakon jarrabawa rukuni-rukuni, masu naƙasa, ƴaƴan talakawa, masu koyon Turanci, amma ta bar wa kowace jiha ta yanka adadin yaran da ya isa a buga sakamakon rukuninsu, wasu 10 wasu 30.

Wata malama ta ce in yara 10 ne kacal, ɗaya ya tashi da zazzaɓi ranar jarrabawa ya faɗi, shi ke nan kashi 10 cikin 100 ya tafi, kuma kowa a unguwa zai gane ɗan wa ne. Gaskiya wannan ya taɓa ni. To amma in aka ce sai sun kai 30, a makarantar da ba su kai ba sai rukunin nasu ya ɓace daga lissafi gaba ɗaya, ba mai tambayar yadda suke.

Shawarar da ta fi rinjaye dai a haɗa sakamakon shekara uku kafin a yanke wa makaranta hukunci. Sannan in an ɓoye rukuni ɗaya a ɓoye na biyu, don kar wani ya ɗebe daga jimla ya gano.